Kira Ga Masu Sa Kai: Mu Koya Wa Unguwanninmu Adana Abinci



A wata ziyara da muka kai gidan wata gwauruwa cikin watan Yuli, bayan mun gaisa mun yi addu'a, sai ta ce mu zo mu ga wani abu. Ta shigar da mu ɗaki, ta kwance bakin buhun wake, ta sa hannu ta ɗebo. Rabin abin da ya fito gari ne, sauran kuwa kowace ƙwaya da huda uku ko huɗu. Wannan wake ita da 'ya'yanta suka noma shi, shi ne kuma ta ajiye domin ta sayar idan ya yi tsada ta biya kuɗin makaranta a watan Satumba. Ɓarawo bai shiga gidan ba, fari ma ba a yi ba a shekarar, ƙwari ne kawai suka cinye mata wahalar damina guda. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne, gida na uku daga nata akwai wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata wadda wakenta yakan kai wata kaka bai huje ba. Suna zama a kan benci ɗaya kowace Lahadi, amma wannan magana ba ta taɓa haɗa su ba.

Muka sanar a sujada, aka tara taimako aka kai mata kamar yadda muka saba, daidai ne kuwa da aka yi haka. Amma taimakon ya ƙare cikin makonni kaɗan, dalilin asarar kuwa yana nan yana jiran kaka mai zuwa.

Tun daga ranar muke tunani a kan al'amarin. A kowace ikilisiya akwai mutanen da suka san yadda ake ajiye abinci ya daɗe lafiya, amma ba mu taɓa ɗaukan wannan sani a matsayin baiwar da za a yi wa jama'a hidima da ita ba. Muna da masu sa kai a ƙungiyar mawaƙa, da makarantar Lahadi, da masu shara ranar Asabar. Roƙonmu shi ne a sami waɗanda za su sa kai su koyar da adana abinci, kyauta, a cikin unguwa, ga duk mai so.

Asarar da muka saba da ita

Kowa ya san yadda shekararmu take tafiya. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani yake fitowa daga Kadawa da Kura a jihar Kano, da Danja a jihar Katsina, da fadamun Zariya, kwando yakan yi arha har wani manomin ya zubar da nasa a bakin hanya, gama kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Kafin Yuni ya zagayo, ƙwaya huɗu ko biyar a faranti sun fi ƙarfin talaka. A 2016 wata tsutsa da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A Yunin 2024 kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A irin waɗannan lokuta, gidan da ya shanya tumatir da tattasai tun cikin hunturu yana miyarsa, maƙwabcinsa yana cin bashi a wurin mai kayan miya.

Haka yake da wake. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar tana biye. Duk da haka manominmu yakan yi gaggawar sayarwa a Nuwamba da Disamba, lokacin da kowa yake sayarwa, domin yana tsoron ƙwari. Mai kuɗi ya saye ya jibge a sito. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuma aikin gona, sai manomin nan ya koma kasuwa ya sayi abin da ya noma da hannunsa a kan kuɗin da ya fi wanda aka ba shi nesa.

Iyayenmu sun san maganin wannan. Sun gina rumbu a kan duwatsu domin kada danshi ya hau, sun cuɗa wake da toka ko yashi mai laushi, sun yi daddawa daga kalwa, sun shanya kuɓewa da kuka da yakuwa, sun yi kilishi da banda. Amma 'ya'yanmu sun tashi a makarantar kwana da ɗakin haya, wasunmu kuma rikici ya raba su da ƙauyukansu suka dawo gari inda babu filin rumbu. Mun sa zuciya ga firiji, ga shi wutar lantarki ba ta da alkawari. Haka sanin ya riƙa tafiya kabari tare da tsofaffi.

Gurbin da sanin ya bari, guba ce ta cike shi. Yau mutum yakan yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan waken da 'ya'yansa za su ci, ko ya jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu ya ajiye a ɗakin da ake kwana, alhali iskar da ƙwayar take fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Irin waken da suka ƙi karɓa, shi muka dafa wa yaranmu.

Abin da ya kamata a koyar

Na fari, shanya. Kusan kowa yana cewa ya iya, amma ku dubi bakin titunanmu a kaka: rogo da masara da barkono a shimfiɗe a kan kwalta, awaki suna bi ta kai, da dare kuma ɓeraye. Mu da muka san tarihinmu bai kamata mu yi wasa da ɓera ba. A 1969 ne aka fara gane zazzaɓin Lassa, a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, lokacin da wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu aka kawo ta Jos ta rasu, wata ma'aikaciyar da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos da wannan cuta. Fitsari da kashin ɓera a kan abinci suna cikin manyan hanyoyin kamuwa da ita. Saboda haka darasi na farko shi ne a ɗaga shanya daga ƙasa, a yi mata rumfar kara ko tebur mai raga, a rufe da yadi mai shara-shara, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Tumatir a wanke shi, a yanka shi kauri ɗaya, a barbaɗa gishiri kaɗan, kwanaki kaɗan na rana da iskar hunturu sun isa. Ganye kuwa, irin su zogale da rama, a inuwa mai iska ake shanya su, domin rana tana ƙone korensu tare da amfaninsu ga jiki. Duk abin da ya bushe a zuba shi a mazubi mai murfi, kada a bar shi a buɗe ya sake shan danshi.

Na biyu, wake da hatsi ba tare da magani ba. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, shi ya sa buhun da ka ɗinke yana da kyau yakan zama gari bayan watanni. Amma ƙwaro yana numfashi kamar kowace halitta, in an toshe masa iska ya daina ci da haihuwa, ya mutu. A kan wannan hikima ne masana na jami'ar Purdue a Amurka, tare da masu bincike a arewacin Kamaru, suka fito da buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Sai dai yana da ƙa'idodi, a nan ne kuwa mai koyarwa yake da aiki: a tabbata waken ya bushe, a duba ledar ko tana da huda, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa kowane mako ana ɗiba. Wanda ba shi da kuɗin buhun, jarka mai tsabta da murfi mai kamawa tana yin wannan aiki, muddin an cika ta taf. Jarkar da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi ba ta shiga wannan magana.

Na uku, masara da gyaɗa. Hatsarinsu ya fi na ƙwari muni domin ido ba ya ganinsa sosai. Idan aka ajiye su da sauran danshi, wata fumfuna takan tsiro a kansu ta bar guba da ake kira aflatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana kawo sankarar hanta bayan shekaru, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 317 suka kwanta bayan cin irin wannan masara, 125 suka mutu. Mu a nan mun saba tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa mu ce ta yi ƙuli-ƙuli, ko mu watsa wa kaji baƙar masara. Wannan ɗabi'a sai an koya mana barinta. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da kowace uwa za ta iya yi: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu ko uku, a rufe a girgiza, a bar shi kamar kwatan awa a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Na huɗu, tukunya cikin tukunya. Wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da yake tsotsewa ta jikin tukunyar waje shi yake tafiya da zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Tumatir da tattasai da gauta sukan ƙara kwanaki da yawa a ciki. Ta fi aiki da bazara lokacin da iska take a bushe, da damina kuwa ƙarfinta yakan ragu, ba kuma wurin ajiye nama ko kifi ba ce.

Na biyar, tumatir a kwalba, a nan ne kuma muke so a yi hankali ƙwarai. Mata da yawa sun ga ana yi a waya sun fara kwaikwayo. Akwai wata ƙwayar cuta da take zaune a cikin ƙasa, wadda take son wurin da babu iska babu tsami, kamar cikin rufaffiyar kwalba. Gubarta tana shanye jiki har numfashi ya tsaya, sau da yawa kuma abincin ba ya canza wari. Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, a kan tudun Jos ma bai kai haka ba, irin wannan cuta kuwa sai zafin digiri 121 na tukunyar matsi ta musamman yake hallaka shi. Tumatir yana tsira ne saboda tsaminsa, shi ma sai an ƙara ruwan lemon tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita, an nutsar da kwalaben cikin tafasasshen ruwa kusan awa guda. In aka niƙa shi da albasa da tattasai masu yawa, tsamin ya ragu, hatsarin ya dawo. Nama, kifi, wake, ɗanyar masara, kuɓewa da ganye kuwa, kada kowa ya koyar da rufe su a kwalba ta wannan hanya. Kwalbar da murfinta ya kumbura a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Mun kawo wannan dalla-dalla domin a gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya koyar da rabin sani zai iya jawo makoki a gidan maƙwabcinsa.

Uzurorin da muke ji

Wani zai ce wannan ba aikin ikilisiya ba ne. Mu tuna cewa hikimar da Allah ya ba Yusufu a Masar ta ƙare ne a kan aikin ajiya, wato a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa. Bayan da Ubangiji ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara ragowar har kwando goma sha biyu. Manzo Bulus kuma ya umarci Titus ya sa tsofaffin mata su koyar da ƙanana. Ikilisiyar da take yin godiyar kaka a Nuwamba, ta bar abin da ta yi godiya dominsa ya ruɓe kafin Ista, godiyarta da saura.

Wani kuma zai ce aikin mata ne, a bar wa Zumunta. To, wa yake gina rumbu? Wa yake yanke shawarar ranar da za a kai buhu kasuwa, wa kuma yake sayo maganin feshi? Maza ne. In maigida bai fahimta ba, abin da uwargida ta koya zai tsaya a bakin murhu. Kafintocinmu za su iya haɗa teburan shanya, matasa su ɗauki kaya su yi rubutu, masu ginin tukwane su sami kasuwa.

Akwai masu tambaya, me za a ba mu? Shekarun bitoci na ƙungiyoyi sun saba mana da kuɗin zama da kuɗin mota, har ya zama mutum ba ya zuwa ya koyi abin da zai amfane shi sai an biya shi. Mu faɗi gaskiya tun farko: babu ambulan, babu takardar shaida. Mai koyarwa zai ba da yammaci ɗaya ko biyu a wata, mai koyo zai koma gida da abin da zai ceci buhunsa.

Tsofaffinmu kuma sukan ce, ai mu ba mu yi makaranta ba. Hannun da ya yi shekara arba'in yana yin daddawa ba ya bukatar allo. A haɗa irin wannan uwa da ma'aikaciyar jinya ko malamin gona daga cikin ikilisiya, ita ta nuna yadda ake yi, shi ya bayyana dalili, ya kuma gyara inda al'ada ta kauce wa lafiya.

Sai maganar maƙwabta. A wurare da yawa mu kaɗan ne a cikin gari, wani lokaci kuma tsoro yakan sa mu kulle kanmu a harabar majami'a. Ƙwaron da ya ci wakenmu shi ya ci na maƙwabcinmu Musulmi, daga kasuwa ɗaya kuma muke awo, saboda haka gubar da ya zuba a buhunsa tana iya ƙarewa a tukunyarmu. Shawararmu ita ce a sanar da mai unguwa, a yi darasin a tsakar gidan wani ko a makarantar firamare inda kowa zai saki jiki ya zo, a kauce wa lokacin sallar Juma'a da na sujadar Lahadi. In mun ce darasin adana abinci ne, ya zama shi ne, kada a ɓoye wata manufa a bayansa, gama amana in ta karye da wuya ta ɗoru. Mu je kuma da shirin koyo, domin a sha'anin kilishi da busasshen tumatir da yawa daga cikinsu sun fi mu gwaninta.

Roƙonmu ga majalisar dattawa

1. A zaman majalisa mai zuwa, a rubuta sunayen waɗanda aka san abincinsu ba ya lalacewa, maza da mata, a je gidajensu a roƙe su. Sanarwa daga bagade kaɗai ba za ta fito da su ba.

2. Kafin su fara, su ma a koya musu. Malaman gona na hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi suna nan, akwai kuma cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano. A rubuta musu, a gayyace su.

3. A bi kalandar gona. Oktoba zuwa Disamba na wake da masara da gyaɗa ne, Janairu zuwa Maris na tumatir da tattasai da barkono, bazara ta tukunyar sanyi, ƙarshen damina kuma na kuɓewa da ganye.

4. Kada a tara taro a yi lacca. Mutum goma zuwa goma sha biyar sun isa, kowa ya zo da mudunsa ya yi da hannunsa. A ɗaure buhu a gaban jama'a, a ajiye wani kusa da shi a buhu na yau da kullum, bayan wata huɗu ko biyar a kira su a buɗe duka biyu. Gani ya kori ji.

5. Daga abin da aka samu a godiyar kaka a ware kaɗan a sayo buhuna da raga a sari, a sayar a kan kuɗin da aka sayo, gwauraye da marayu da waɗanda suka yi gudun hijira a ba su kyauta.

Bayan ziyarar nan ta Yuli mun shiga wurin tsohuwar muka tambaye ta asirinta. Ta nuna mana jarkoki huɗu a lungun ɗaki, cike da wake, murafansu a ɗaure da leda. Muka ce, Mama, me ya hana ki koya wa maƙwabciyarki? Ta dube mu ta ce, Fasto, ai ba wanda ya tambaye ni.

Irinta suna nan a kowace ikilisiya da wannan takarda za ta kai. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kafin wake ya shigo gida a kakar bana, dattawa su tashi su je su tambaye su.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya ba mu zuciyar yi wa juna hidima. Amin.